Shagon uwayen marayu a Zango: abin da na saya, da yadda ya kasance bayan wata 8

Lokacin da aka sa ranar auren ɗiyar yayata, ni aka ɗora wa alhakin haɗa ƙananan kayan ɗaki, wato tabarmi da fayafayai da ƙore da ludaya, irin abubuwan da ba a ganin muhimmancinsu sai amarya ta tare ta neme su ta rasa. Niyyata ta farko ita ce in shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis in kwaso komai a wuni ɗaya, amma wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ta ba ni shawara in fara leƙa wani ƙaramin shago a unguwar Zango ta birnin Damagaram (Zinder), a Nijar, inda ake sayar da aikin hannun matan ƙauye waɗanda mazajensu suka rasu. Na je sau ɗaya saboda biki, na koma sau huɗu saboda kaina. Yanzu kayan sun yi wata 8 ana amfani da su a gidana da gidan amarya, sun ga sanyin hunturu, sun ga zafin bazara, sun ga ruwan farko, don haka ina ganin zan iya faɗin abin da na samu ba tare da na zalunci shagon ko mai karatu ba.

Samun wurin shi ne wahala ta farko. Babu allo a ƙofa, babu rubutu a bango, kuma ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni sai da ya wuce lungun sau biyu kafin wata mai tuyar ƙosai ta nuna mana. Mutanen unguwa suna kiransa shagon uwayen marayu, kuma da wannan sunan ya kamata baƙo ya tambaya. Ɗaki ne guda na ƙasa mai ƙofar kwano, an jingine tabarmi a naɗe a kusurwa ɗaya, an jera fayafayai a bango tun daga ƙasa har kusa da rufi, kuma da shiga ƙamshin busasshiyar kaba ne yake fara tarar mutum. Wadda take kula da shi dattijuwa ce, kowa Hajiya yake ce mata. Ta yi shekaru tana aikin ungozoma a ƙauyukan da ke tsakanin Miriya da Magarya da Matamaye, kuma a wannan aikin ne ta san mafi yawan matan da suke kawo mata kaya a yau.

Ya kamata in faɗi tun yanzu cewa ban shiga shagon nan da zuciyar baƙuwa ba. Mahaifina ya rasu ina da shekara 9, a wani ƙauye gabas da Damagaram, kuma abin da na fi tunawa daga takabar mahaifiyata shi ne hannunta yana juya faifai daga hantsi har hasken rana ya gagare ta. Wata 4 da kwana 10 mace take yi a takaba, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki, kuma sana'ar da za ta iya yi ita ce wadda ake yi a zaune cikin gida. Idan aka zo rabon gado, matar da mijinta ya bar ƴaƴa tumuni take samu, kashi 1 cikin 8, kuma idan tana da kishiyoyi wannan tumunin za su raba tsakaninsu. A inda dukiyar gaba ɗaya ba ta wuce gona guda da awaki biyu da rumbun da ya kusa ƙarewa ba, kowa zai iya lissafa abin da zai iso hannunta. Mahaifiyata ta saƙa fayafayai masu kyau, amma dillaliyar da take karɓa ba ta biya sai ta sayar, wani lokaci bayan kasuwa uku, wani lokaci ta dawo da labarin cewa ruwa ya taɓa kayan. Saboda haka tambayar da na shiga da ita ba ta tsaya ga kyawun kaya ba. Ina so in san yaushe kuɗi yake isa hannun wadda ta yi aikin, kuma nawa ne.

Zan fara da tabarma, domin ita ce abin da ya fi kowane kaya daraja a shagon. Na sayi guda uku, biyu na amarya, ɗaya tawa, kowace a kan sefa 4,500, wato jikka 4 da rabi. Da kaba ake yin su, ganyen goriba wanda ake yankowa a shanya, a tsaga shi siri-siri, a jiƙa shi ya yi laushi kafin a fara saƙa. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya lokaci guda. Ana fara yin doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu, sannan a haɗa gefe da gefe har a sami faɗin da ake so, kuma a wannan haɗin ne ake gane gwana. Idan haɗin ya yi sako-sako, bayan wata biyu za ka ga tabarma ta fara buɗe baki layi-layi. Hajiya da kanta ta nuna mini yadda zan duba: ta ɗaga tabarmar ta fuskanci ƙofa da ita, ta ce in kalli ko haske yana ratsa wurin haɗin. Bai ratsa ba. Ta naɗe ta, ta sake ta a ƙasa, tabarmar ta kwanta sumul ba ta tattare a gefe ba, abin da ke nuna cewa an ja saƙar da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Bakinta kuma an lanƙwasa shi an ɗinke sau biyu, ba a bar tsinin kaba yana soke ƙafa ba.

Tawa tana shimfiɗe a tsakar gida kusan kullum. A kanta yara suke cin abinci, a kanta muke kwana a waje cikin watan Afrilu da Mayu lokacin da ɗaki ba ya shiguwa, kuma sau biyu ruwa ya doke ta kafin a ɗauke. Har yau haɗi ɗaya bai kwance ba. Launinta ya ɗan koɗe daga fari zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, saman ya yi santsi saboda zama, kuma gefe ɗaya da nake ja idan zan naɗe ya fara fitar da ƴan gashi, iyakar aibinta ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne sanyinta. Duk wanda ya taɓa kwanciya a tabarmar roba da daren bazara a Damagaram ya san yadda take riƙe zafin rana ta manne wa baya da zufa. Ta kaba tana barin iska ta wuce, kuma ko da an bar ta a rana, da an jawo ta inuwa ba ta daɗewa take hucewa.

Sai dai ba zan ɓoye cewa tsadarta ta ninka ta roba ba, ko ta kusa. Tabarmin roba daga Kano ake shigo da yawancinsu, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga shekarar 2023, mai sefa a hannu yana samun kayan Najeriya da araha fiye da da. Magidancin da yake neman abin shimfiɗa ga yara 6 da jikka 5 a aljihu ba za a zarge shi ba idan ya ɗauki na roba guda biyu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma na ga gaskiyar haka a tabarmar robar da na saya bara, wadda rana ta busar da ita ta fara karyewa kafin shekara ta zagayo, amma wanda ba shi da kuɗin yau ba ya iya sayen ƙarkon gobe. Wannan ita ce babbar gasar da matan nan suke fuskanta, kuma ba tausayin kowa ne zai kawar da ita ba.

Fayafayan sun kasu biyu. Akwai na aiki, farare, masu kauri, na bakace da rufe ƙwarya, a kan sefa 750 kowane. Akwai kuma na ado masu launi, waɗanda ake jerawa a bangon ɗakin amarya, daga 1,000 zuwa 1,500 gwargwadon girma da wuyar zane. Faifai naɗi ne: ana tattara siririyar ciyawa a matsayin ciki, a riƙa naɗe ta da kaba ana sokawa da basilla, ana zagayawa daga cibiya zuwa baki. Na ƙirga zagayen ɗaya daga cikin na aikin da na saya, na sami 31, kuma ko'ina sukar basillar tazararta ɗaya, kamar an auna da ma'auni. Na bakace gero da shi, na bakace shinkafa, tsaki bai maƙale a tsakanin zagayen ba, kuma bai lanƙwashe ba. Mahaifiyata takan ce faifai mai kyau idan ka buga shi da yatsa zai amsa kamar ƙaramar ganga, kuma wannan ya amsa.

Na adon ne suka ba ni matsala. Daga cikin 12 da na kai ɗakin amarya, guda huɗu masu kore da shuɗi sun zubar da launi a farin bango a daren da aka yi ruwan farko, danshi ya taso. Ja bai zuba ba ko ɗaya. Da na koma na yi ƙorafi, Hajiya ba ta yi musu ba, ta ce jan da karan dafi aka rina shi, rinin gargajiya da ake samu daga kuben wata irin dawa, shi kuwa kore da shuɗi galura ce ta ƙulli da ake saye a kasuwa, kuma idan ba a dafa kabar sosai a cikinta ba, ba a kuma ɗauraye ta an shanya yadda ya kamata ba, to ruwa kaɗan zai tayar da ita. Ta karɓi guda huɗun ta musanya mini da jajaye da baƙaƙe, ba ta ƙara mini ko dala ba. Na yaba da wannan, amma bangon amarya ya riga ya ɓaci, sai da aka sake shafa masa farar ƙasa. Aibin a wajena ba na mai saƙar ba ne kaɗai. Shagon da yake duba haɗin tabarma da hasken ƙofa ya kamata ya riƙa goga jiƙaƙƙen tsumma a kan kowane faifai mai launi kafin ya karɓa, gwajin da ba ya cin minti ɗaya. Shawarata ga mai saye ita ce ya yi wannan gwajin da kansa a gaban mai shago, ko ya tsaya ga ja da baƙi da fari.

A zuwana na uku, wata Alhamis da hantsi, na ga abin da na zo nema. Motocin ƙauye suna shigowa gari ranar kasuwa, kuma da su ne matan suke zuwa ko suke aiko da kayansu. Wata tsohuwa ta shigo da ƙunshi a ka, jikanta yana biye da ita da tabarmi biyu a kafaɗa. Bayan an gaisa an tambayi mutanen gida da labarin ruwa, Hajiya ta kwance ƙunshin ta fara duba fayafayan ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowane ta baya, tana danna cibiyarsa da babban yatsa. Ta ware guda biyu gefe.

"Inna, waɗannan biyun ba hannunki ba ne," in ji ta.

Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "Na ƴar ɗakina ne, Hajiya, koyo take. Na ce bari in kawo ki gani."

"To ki ce mata ta ƙara matse zagayen nan na tsakiya, in Allah ya kai mu wata Alhamis ta kawo in duba. Waɗannan ki kai kasuwa, ba za su rasa mai saye ba."

Daga nan Hajiya ta jawo wani littafi mai baƙin bango, ta buɗe shafin tsohuwar, ta rubuta tabarma 2, faifai 8, ta buɗe jaka ta ƙirga kuɗi a gabanta da babbar murya, dala-dala yadda mutanen ƙauye suke lissafi, tsohuwar ta dangwala yatsa a tawada ta danna a gefen rubutun. Ba a ce mata ta dawo bayan an sayar ba. Na nemi izinin ganin shafin, aka nuna mini da yardar mai shi. Tabarmar da na saya 4,500, mai saƙa ta karɓi 3,500 a kanta, ragowar 1,000 kuma shi ne na hayar ɗaki da kuɗin mota da ladan yarinyar da take tsaron shago. Na duba shafuka kusan goma, ban ga inda aka rubuta bashi a kan shago ba.

Wannan biyan nan take shi ne dalilin da ya sa nake ba da shaidar wurin, fiye da kyawun tabarma. Mai albashi yana iya jiran kuɗinsa mako uku, amma matar da take ciyar da marayu hannu baka hannu ƙwarya, kuɗin da zai zo bayan mako uku ba zai sayi hatsin yau ba, kuma a tsakanin jiran ne take cin bashin tiya ɗaya ta biya biyu da kaka, ko ta sayar da akuyar da ta rage. Tsohuwar nan na gan ta bayan awa ɗaya a bakin kasuwa, jikanta yana ɗauke da ƙullin gero da ɗan gishiri da sabulu.

Duk da haka bai kamata a ɗauka cewa kuɗin yana da yawa ba. Na tambayi Inna kwana nawa tabarma take ɗaukar ta, ta ce kamar kwana 10 idan an haɗa da daka da ɗiban ruwa da neman itace. Idan aka raba 3,500 a kan kwana 10, sefa 350 ke nan a wuni, kafin a cire kuɗin kaba ga wadda ba ta iya zuwa ta yanko da kanta, da kuɗin rini. Wannan bai kai kuɗin tiyar gero ba a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka zama wayam, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Saƙa ba ta fitar da gida daga talauci, tana dai toshe wata kafa, kuma duk wanda ya ce wa mai saye fiye da haka bai faɗa masa gaskiya ba. Amma mu mutanen jihar Damagaram mun san abin da yake faruwa idan kafar ba ta toshe ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma da yawa daga yankin Kance suka fito, suna hanyar zuwa neman abin da za su ci. Matamaye tana cikin wannan yanki, kuma wasu shafukan littafin Hajiya sunayen ƙauyukan can ne a kansu. Idan na kalli 3,500 ɗin nan, da wannan hanyar nake auna ta.

Akwai abu ɗaya da yake ƙara wa ɗan kuɗin nan albarka, kuma ba shagon ne ya ƙirƙiro shi ba. Yawancin matan suna cikin ƙungiyoyin asusu na ƙauyensu, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, wanda daga baya ya bazu a Nijar har ya tsallaka wasu ƙasashe. Mata suna taruwa duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya a akwati, wadda take da buƙata ta ranta ta mayar, a ƙarshen zagaye a raba. Da wannan rancen ne wasu suke sayen kaba da yawa lokacin da take araha su adana. Hajiya ta yi dabara da ta bi ta hannun waɗannan ƙungiyoyi maimakon ta kafa nata sabon tsari, domin matan sun riga sun san juna, sun san wadda take riƙe amana, kuma mace ɗaya tana iya kawo kayan mutum 7 a mota ɗaya, kuɗin mota ya ragu.

Sauran kayan shagon ba su kai waɗannan ba. Ƙoren suna da kyau, an kankare cikinsu tas, an yi musu zanen wuta da wuƙa mai zafi, kuma wadda nake dama fura a ciki ba ta tsage ba, amma irinsu ana samu a Kasuwar Dole a kan kuɗi ɗaya. Maficin kaba na sefa 250 ya yi aikinsa. Kayan fata kuwa su ne mafi rauni. Damagaram gari ne da aka san shi da dukanci tun zamanin da ayarin fatake yake sauka a wannan unguwa ta Zango a kan hanyar Kano zuwa arewa, kuma idon mutanen garin ya saba da ɗinkin dukawa na gado. Ƴan jakunkunan da na gani a shagon fatarsu ba ta jemu sosai ba, ɗinkin yana da faɗi, kuma wadda na saya wa ɗiyata igiyarta ta tsinke a cikin wata guda. Matan da aka koya wa wannan aiki cikin ƴan makonni ba za su yi gogayya da wanda ya tashi a gidan dukanci ba, kuma a ganina ɓata musu lokaci ne da jari. Da an bar su a kan kaba, inda gwanintarsu ta fi ta kowa, da ya fi musu amfani.

Ƙorafina mafi nauyi kuwa ba na kaya ba ne. Ranar da Hajiya ba ta nan, yarinyar da take tsaron shago ta ga ina jujjuya wani faifai da bakinsa ya karkace, sai ta ce, "Mama, ki daure ki saya, mai shi marayu biyar gare ta, lada za ki samu." Na san da kyakkyawar zuciya ta faɗa, kuma ba na musun ladan, hadisi ingantacce ya kwatanta mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da miskini da mai jihadi saboda Allah. Amma sadaka daban, ciniki daban. Wanda ya sayi karkataccen faifai don tausayi sau ɗaya zai saya, ya ajiye shi a bayan ɗaki, ba zai aiko maƙwabciyarsa ba. Wanda ya sayi tabarmar da ta yi masa wata 8 ba ta kwance ba zai dawo da kansa. Turawa masu yawon buɗe ido da a da suke sayen irin waɗannan kaya don tsaraba sun ɗauke ƙafa daga Zinder shekaru da yawa saboda matsalar tsaro a yankin, don haka kasuwar matan nan mu ne, matan gari masu aurar da ƴaƴa da masu neman abin shimfiɗa, kuma mu da idon amfani muke saye. Bayan wannan, akwai mutuncin mai aikin. Mahaifiyata ba ta taɓa yarda a kai faifanta kasuwa a ce na uwar marayu ne ba. Tana so a saya domin ya amsa idan an buga shi. Na gaya wa Hajiya wannan magana da ta dawo, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ɗauke faifan daga bango ta ce ba ta san yadda ya wuce ta ba. Ta kuma gaya mini cewa ta ƙi yarda a manna hotunan matan a jikin kaya ko a Facebook, duk da an sha ba ta shawarar haka, kuma a nan ina tare da ita ɗari bisa ɗari.

Ga wanda yake son zuwa, shagon yana buɗewa da safe har azahar, a sake buɗewa bayan la'asar, ban da safiyar Juma'a. Alhamis da yamma ko Asabar ya fi dacewa, lokacin sabon kaya ya shigo ba a tsince masu kyau ba. Ba a yin ciniki mai tsawo, kuɗin da aka faɗa shi ne, kuma bayan na ga littafin ban ƙara neman ragi ba. Ana karɓar kuɗi hannu da hannu, ana kuma karɓa ta waya ga wanda yake nesa, amma lambar shagon ba kullum ake ɗauka ba, na taɓa kira kwana biyu a jere ba a amsa ba. Mai shirin biki ya ba da saƙonsa da wuri, aƙalla wata biyu kafin rana, kuma ya sani cewa daga saukar damina har a gama girbi kaya suna raguwa ƙwarai, domin masu saƙar suna gona, nasu ko na ƙodago. Wannan kuma wani gibi ne da shagon bai toshe ba tukuna: lokacin da matan suka fi buƙatar kuɗi shi ne lokacin da ba su da sararin saƙa. Hajiya ta ce burinta ta tara jarin da zai isa ta sayi kaya da yawa a rani ta ajiye, ta riƙa ba su wani kaso na kuɗin a watan Yuli da Agusta, amma ɗakin ƙasa ne, gara tana barazana, kuma jarin bai kai ba.

A zuwana na ƙarshe na ba da saƙon babbar tabarma mai faɗin mutum huɗu domin zauren maigida, na biya rabin kuɗi, aka rubuta a shafin Inna. An ce in dawo bayan Alhamis uku. A bango, kusa da ƙofa, na ga wani farin faifai ƙarami da ban san hannun ba, na danna cibiyarsa na ji ta a matse. Hajiya ta ce na ƴar ɗakin nan ne mai koyo, wannan ne na farko da aka karɓa daga hannunta, kuma an buɗe mata shafi nata. Na saye shi 750, da shi nake rufe ƙwaryar fura.